Tarihin Kala-azar a Gadarif da Makamin Ƙwayar Cutar

Tun a shekarar 1904 likita Sheffield Neave ya ba da rahoton farko na cutar kala-azar a Sudan, shekara guda bayan likitoci Leishman da Donovan sun gano ƙwayar da ke haddasa ta, amma yankin Gadarif, kusa da iyakar Habasha, shi ne ya zama babbar matattararta. Dalilin yana cikin ƙasar kanta, domin baƙar laka mai tsagewa da rani da dazuzzukan aduwa su ne maɓoyar ƙaramin ƙwaron da ke yaɗa cutar ta hanyar cizo. Da aka fara noman dawa da riɗi da injuna a shekarun 1940, ƙwadago ya jawo baƙi masu yawa, ciki har da Hausawan da suka zauna a kan hanyar hajji, sai cutar ta sami jikkunan da ba su saba da ita ba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda ƙwayar take rayuwa a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ta, har ta kumbura saifa da hanta. A shekarun 1980 aka gano wani ɓangare na amsar, wato GP63, wani enzayim, ma'ana sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin halitta, wanda ya lulluɓe fatar ƙwayar, kuma yake daddatsa furotin na garkuwar mutum da taimakon tutiya. 

Wannan ilimi bai kai ga sauya maganin da ake yi a karkara ba tukuna. Shekaru da dama allurar sodium stibogluconate ta kwana 30 ce madogara, sai a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a haɗa ta da paromomycin, jinya ta koma kwana 17, sakamakon gwaje-gwajen da asibitocin jihar Gadarif suka shiga ciki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sake turo ɗimbin 'yan gudun hijira zuwa Gadarif, alhali kala-azar tana kashe kusan duk wanda bai sami magani ba.