Idon Ungozoma da Gwajin Jini a Zangon Lome

Kafin gwamnatin Togo ta rushe tsohon Zangon Lome a 1977 ta mayar da mutanensa Agoè, ungozoma ce ke fara lura da jaririn da ya ƙi nono ko jikinsa ya yi sanyi. Haihuwa a asibiti, irin su Sylvanus Olympio na Tokoin, ta rage haɗarin cutar cibiya, amma ƙwayoyin cuta na yaɗuwa ta hannu da allura a ɗakin jarirai. Gwajin CRP, sinadarin da Tillett da Francis suka gano a 1930, yana nuna kumburi a jiki. Wasu na cewa ya wadatar wajen gano cuta a jikin jariri. Bai wadatar ba, domin yakan ɗauki sa'o'i kafin ya hau, jariri kuwa ba ya jira. Har yanzu mai lura da shi ce ke fara gani.