Daga Ƙame Ƙafa Zuwa Gyara Ta: Tarihin Tiyatar Tafin Ƙafa Mai Zurfin Kwarmi

Akwai mutanen da idan suka taka rairayi babu takalmi, sawunsu yakan fito kashi biyu: diddige a baya, tushen yatsu a gaba, tsakiya kuwa wayam. Kwarmin tafin ƙafarsu ya yi zurfi fiye da kima, nauyin jiki duka yana sauka a ƙananan wurare biyu. Daga nan kanta take fitowa, yatsu su lanƙwashe, idon sawu ya riƙa gurɗewa, takalmi ya cinye ta gefen waje. Nakan ga irinsu a tagar ba da magani wata bayan wata, har ranar da likita zai ambaci tiyata. Kafin iyali su amsa, ya dace su san hanyar da wannan tiyata ta biyo.

A shekarar 1886, Jean-Martin Charcot da Pierre Marie a Faransa, da Howard Tooth a Ingila, suka bayyana wata cutar jijiya da ake gado, wadda take ɗauke da sunayensu har yau. Cutar tana raunana wasu tsokokin ƙafa ta bar wasu da ƙarfinsu, masu ƙarfin su yi ta ja har ƙafar ta gantsare. Shan inna ma yana yin haka, kuma a farkon ƙarni na 20 shi ne ya cika ɗakunan likitocin ƙashi a Turai da Amurka. A ƙasar Hausa wannan ba tsohon labari ba ne, domin sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, kuma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu.

Likitocin wancan zamani sun fara da jijiyoyi. A 1916 Robert Jones ya bayyana yadda yake sauya wa jijiyar babban yatsa mazauni, a 1920 Arthur Steindler ya saki tantanin da ya ɗaure tafin ƙafa daga diddige. Sai a 1923 Edwin Ryerson na Chicago ya bayyana aikin da ya daɗe yana cin kasuwa: a kankare mahaɗai uku na bayan ƙafa, a haɗe ƙasusuwan su zama guda. Ƙafa takan miƙe, amma ta ƙame. Ga mai shan inna aikin ya yi amfani ƙwarai, domin ɓarnar cutarsa ta riga ta tsaya. Matsalar ta taso ne da aka yi wa masu cutar gado aiki iri ɗaya, alhali tasu tana ci gaba a hankali. A 1989 Wetmore da Drennan suka bibiyi irin waɗannan marasa lafiya bayan kimanin shekara 20 da aikin, suka tarar kusan rabin ƙafafun sun lalace, da yawa kuma ciwon gaɓa ya kama idon sawu, wanda ya ɗauki wahalar mahaɗan da aka rufe.

Tun kafin nan wasu sun nemi wata hanya. A 1959 Dwyer na Liverpool ya nuna cewa ana iya yanka ƙashin diddige a daidaita shi ba tare da an rufe mahaɗa ba. A 1977 kuma Coleman da Chesnut suka kawo gwajin da, a ganina, ya fi duk wuƙaƙen nan daraja, ga shi da guntun katako kawai ake yinsa. Mutum yakan ɗora diddige da gefen waje na ƙafarsa a kan katakon, ya bar ɓangaren babban yatsa yana lilo. Idan diddigen ya miƙe, ƙafar ba ta ƙame ba tukuna, ana iya gyara ta da yankan ƙashi da sauya jijiya. Idan bai miƙe ba, aikin zai fi girma. Shi ya sa a yau haɗe mahaɗai ya koma mataki na ƙarshe.

Saboda haka, ku tambayi likita dalilin zurfin kwarmin, da ko ƙafar tana lanƙwasuwa har yanzu, da ko an gwada shimfiɗar cikin takalmi wadda aka auna da ƙafar. Idan ƙafa ɗaya ce kaɗai take sauya siffa, musamman ga yaro, a duba laka kafin komai. Bayan aiki yawanci akan yi kusan mako 6 a filasta ba a taka ƙafar, kumburi kuma yakan kai watanni, taba sigari da ciwon sukari suna jinkirta haɗuwar ƙashi.

A ɓangarena na magani, diclofenac da ibuprofen na tsawon watanni suna iya cin ciki su taɓa ƙoda, kuma ba sa yin wani abin kirki ga zugi irin na jijiya. Tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa matasanmu. Wanda aka tabbatar masa da cutar Charcot-Marie-Tooth ya sanar da duk likitan da zai rubuta masa magani, domin vincristine, maganin daji, yana iya tsananta ta cikin ɗan lokaci.