Daga Gadin Ƙofa Zuwa Laluben Aljihu

Manyan da muka tarar a aikin tsaron filin jirgin Kaduna, wasunsu tun tsohon fili na Mando suka fara, kafin a buɗe sabon a yankin Igabi a 1982, a bar wa sojojin sama na farko. A bakinsu muka ji cewa a da aikin bai wuce gadi ba: tare 'yan rakiya a ƙofa, da korar dabbobi daga titin jirgi. Hukumar filayen jiragen sama kanta a 1976 aka kafa ta, sai a 1995 ta koma FAAN.

Abin da ya sauya aikin daga nesa ya riƙa zuwa. A Oktoban 1993 wasu samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zai je Abuja, suka kai shi Yamai. Sai harin Amurka na 2001, sai dokar 2006 da ta hana shiga jirgi da abin ruwa fiye da mililita 100, sai kuma yunƙurin Umar Faruk Abdulmutallab na tayar da bam a jirgi a Disambar 2009. Duk lokacin da aka yi ɗaya, sai a ƙara mana izinin taɓa jikin mutane da kayansu. Na'ura ana kawo ta da takardar bayani, amma yadda za ka ce wa sa'an mahaifinka ya cire hula, wannan a bakin aiki ake koyonsa.

Lokacin jigilar alhazai ne makarantarmu. Motoci na kwaso maniyyata daga sansanin Mando, da yawansu ba su taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. Dattijo ya zo wucewa, ƙarfe ya yi ƙara, ya tsaya cak kamar an kama shi da sata. In ka daka masa tsawa, sai ya ƙara dafe ƙugunsa. In ka rage murya ka ce, "Baba, sannu da hanya, ko akwai makulli a jiki?" da kansa zai kwance lalitarsa, ka ga guzuri ne da 'yan layu da askar yanke farce. Askar za ka karɓa, ka faɗa masa dalili. Hajiya mai niƙabi kuwa mace ce ke shiga da ita bayan labule. Rigimar da ta fi tsawo ita ce ta goro, don Saudiyya ta hana, tsoho kuma bai ga laifin goro ba tunda yake.

Masu manyan riguna sun fi wuya. Da aka rufe filin Abuja ranar 8 ga Maris 2017 don gyaran titinsa, mako shida jiragen suna sauka a wurinmu, har da Ethiopian Airlines. Kunnenmu ya sha "Ka san ko ni wane ne?" Amsar dai ɗaya ce: "Na sani, ranka ya daɗe, a ɗora agogon a faranti."

Akwai kuma ladabin da ba na Allah ba, gaisuwar da ke ƙarewa da "Alhaji, yaranka na nan fa." A Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta haramta roƙo da karɓar na goro a filayen jiragen ƙasar. Ni a ganina wannan roƙon matsalar tsaro ce, domin idon da ke kan aljihu ba ya kan allon na'ura.

Ɗaure fuska ma bai taɓa kama kowa a gabana ba. Ranar 26 ga Maris 2022 da 'yan bindiga suka kawo hari filinmu suka kashe mai gadin hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA, ta daji suka ɓullo, can wajen titin jirgi, nesa da layin da muke cire wa fasinjoji takalma.