Me ya sa malami ke cewa a fara rubuta FORTRAN daga gurbi na 7? (Zare 🧵)

1/ 'Yan kimiyya da kuka yi kwas ɗin koyon kod a aji biyu, kun tuna dokar nan: ka bar gurabe 6 kafin ka fara rubutu, in ba haka ba a soke maka amsa. Da yawa mun haddace ba mu san dalili ba. To ga tarihinta.

2/ A 1957 kamfanin IBM ya fitar da FORTRAN, aikin John Backus da tawagarsa. Kafin nan, sai ka iya yaren injin kansa kafin ka sa kwamfuta lissafi. FORTRAN ya ba masanin kimiyya damar rubuta lissafinsa kusan yadda yake a allo.

3/ A zamanin ba a zama gaban kwamfuta ana dannawa. Kati ake hudawa. Kati ɗaya, layi ɗaya na kod, kuma kowane kati gurabe 80 gare shi.

4/ Ga rabon: gurbi 1 zuwa 5 na lambar layi ne. Na 6 alama ce cewa layin ci gaban na baya ne. 7 zuwa 72 nan umarni ke shiga. 73 zuwa 80 kuwa na lambar jeri ne, don in katunanka suka zube ƙasa ka iya mayar da su daidai. Kun ga asalin 7 ɗin ke nan.

5/ Haka ma dokar cewa sunan da ya fara da I zuwa N cikakkiyar lamba ce kai tsaye. Masu lissafi sun saba ƙirga da i, j, k, sai yaren ya bi su.

6/ A Najeriya, IBM ya buɗe cibiyar horo a Jami'ar Ibadan a 1963. A Arewa, cibiyar kwamfuta ta ABU Zariya tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Daga sassan lissafi ilimin kwamfuta ya tsiro a jami'o'inmu, shi ya sa FORTRAN ya kafu.

7/ BASIC ya zo a 1964, Pascal a 1970, Python a 1991. Fortran 90 ma ya sauke dokar gurabe. Amma takardun lacca sun daɗe a kan FORTRAN 77. Katin ya tafi, dokarsa ta zauna.

8/ Kada a raina tsohon fa. Manyan manhajojin hasashen yanayi irin su WRF da Fortran aka rubuta su. Manomin Rano ko Kibiya da ke jiran jin yaushe damina za ta sauka, da wuya a raba labarin da irin wannan kod.

9/ Inda gizo ke saƙa: ɗaliban da ma a takarda suke fara rubutawa, amma katinsu na shiga inji, sakamako ya dawo, su ga kuskure su gyara. Yau akwai mai cin kwas ɗin da A, kod ɗinsa bai taɓa gudu ko sau ɗaya ba. Hadda ce kawai.

10/ Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan ƙauye da ya fara taɓa kwamfuta a jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, wurin gwaji ya rasa.

11/ Ƙanne na Rano, Kibiya da kewaye masu shiga jami'a bana: wayar hannunku ta fi injin 1957 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ku sauke Pydroid 3, ku mayar da atisayen aji zuwa Python, ku ga ya gudu da idonku. Mai laftof kuma ya zauna da abokai biyu.

12/ Wane yare aka koya muku a kwas ɗin, kuma kun taɓa gwada shi a inji? Ku faɗa a ƙasa 👇