Ciwon dajin huhu da ake iya cirewa ta hanyar tiyata: yadda ake maganinsa a Accra

Ciwon dajin huhu ya fi kowane irin daji kashe mutane a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da shi, miliyan 1.8 suka mutu. Likitoci sun kasa shi gida biyu bisa kamannin ƙwayoyinsa a ƙarƙashin madubi. Kusan kashi 85 cikin 100 suna cikin rukunin da ƙwayoyinsa ba ƙanana ba ne, wanda takardun asibiti na Turanci ke rubutawa NSCLC, na Faransanci kuma CBNPC. Wannan rukunin ne ake iya warkewa daga gare shi da tiyata, muddin an gano shi a mataki na 1 ko na 2, ko wani sashe na mataki na 3, kafin ya bazu zuwa ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa.

A unguwannin Zango irin su Nima, Maamobi da Tudu, abin da ya fi cinye wannan dama shi ne kamanninsa da tarin fuka. Alamomin kusan ɗaya ne: tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, rama, kaki mai jini, ciwon ƙirji. Maganin tarin fuka kyauta ne a Gana kuma wata shida ake shansa, amma wata shida sun isa ƙarin da ake iya cirewa ya zama wanda ya fi ƙarfin wuƙa. Saboda haka wanda gwajin kakinsa bai nuna tarin fuka ba, ko wanda ya yi makonni yana shan magani babu sauƙi, yana da haƙƙin ya tambayi likita batun hoton CT na ƙirji. Taba sigari ce babban sanadin cutar, sai dai tana kama har waɗanda ba su taɓa sha ba, ciki har da mata masu shekaru suna girki cikin hayaƙi.

Daga asibitocin unguwa irin na Maamobi ana tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Korle Bu. Can ne Cibiyar Tiyatar Zuciya da Ƙirji ta Ƙasa take, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, da kuma cibiyar gashin daji da aka buɗe a 1997. Kafin tiyata sai an tsinko ɗan nama daga ƙarin an tabbatar da irinsa, an duba kaluluwar tsakiyar ƙirji, sannan an auna ƙarfin numfashi don a san ko sauran huhun zai ɗauki mutum.

Huhun dama yana da ɓangare uku, na hagu biyu. Aikin da aka fi yi shi ne a cire ɓangaren da ƙarin yake ciki gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kusa. Binciken da aka yi a Japan da Amurka, wanda ya fito a 2022 da 2023, ya nuna idan ƙarin bai wuce santimita 2 ba kuma yana gefen huhu, cire ƙaramin yanki ma yana wadatarwa. Wani lokaci huhu ɗaya ake cirewa ɗungurungum, kuma ana rayuwa da ɗayan. Evarts Graham ne ya fara yin haka cikin nasara a birnin St. Louis na Amurka a 1933. Majinyacin nasa ya rayu kusan shekara talatin bayan aikin, shi kuwa Graham, wanda ya daɗe yana shan taba, dajin huhu ne ya kashe shi a 1957. Wannan labari kaɗai ya isa amsa ga masu cewa da zarar wuƙa ta taɓa daji sai ya bazu.

Sau da yawa tiyata kaɗai ba ta isa. Ƙarin ruwan kashe ƙwayoyin daji mai ɗauke da cisplatin, zagaye huɗu bayan aiki, yana ƙara yawan masu kai shekara biyar da kusan kashi 5 cikin 100. A 2022 Amurka ta amince a haɗa nivolumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, da ƙarin ruwan zagaye uku kafin tiyata. Wanda aka samu sauyin EGFR a ƙarinsa kuwa ana ba shi ƙwayar osimertinib ta shekara uku. Wanda jikinsa ba zai jure tiyata ba ana iya yi masa gashi da haske mai ƙarfi.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne iyalai da yawa ke tsayawa. Sababbin magungunan nan suna da tsada ƙwarai, kuma inshorar lafiya ta NHIS, wadda ta ɗauki dajin mama da na bakin mahaifa, ba ta ɗauki na huhu ba. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da asusun MahamaCares don cututtuka irin su daji da ciwon ƙoda, kuma ya kamata dangi su tambayi ofishin jin daɗin majinyata na asibiti tun ranar farko. Bayan an sallami mutum ana maimaita hoton CT duk wata shida a shekara biyun farko, daga nan sau ɗaya a shekara.