Daga Katsina Zuwa Jidda: Tarihin Nisan Hanyar Hajji

Gabatarwa

Tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,500, wadda jirgi kan ci cikin kusan awa biyar. Wannan tazara ba ta taɓa raguwa ba. Abin da ya sauya shi ne lokaci da wahalar da ake sha kafin a ratsa ta.

Tafiyar Ƙasa

Kafin zuwan jirgi, maniyyacin Katsina yakan raba gari da iyalinsa kamar wanda ba zai dawo ba. Ayari kan bi ta Kano da Borno, ya shiga Wadai da Darfur da Kurdufan, har ya kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, inda ake ƙetarawa zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin idan guzuri ya ƙare sai an tsaya an yi noma ko ƙwadago. Da yawa sun rasu a hanya, wasu kuma suka zauna a Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama zango ga irin waɗannan matafiya.

Jirgin Ruwa da Jirgin Sama

A shekarar 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi wata hanya dabam. Ya shiga jirgin ruwa a Legas, ya biya ta Ingila, sannan ya wuce Makka. Duk da wannan zagaye, cikin watanni ya sauke farali ya komo gida. A 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka ratso Sudan suka sauka a Kano. A 1936 kuma aka fara jigilar jirage tsakanin Kano da Khartum. Bayan haka, shekaru da dama alhazan Katsina ta Kano suke tashi, sai bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aka sami filin da ake ɗaukarsu daga gida.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, jirgi ma sawun ayari yake bi, ta saman Chadi da Sudan. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, awoyi suka ƙaru, kuɗin jigila ma ya hau. Saboda haka ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai cewa kusancin Makka a yau ya rataya ne ga zaman lafiyar ƙasashen da ke tsakani, kamar yadda yake tun zamanin kakanni.