Waye Ya Kori Ruwan Sama? Tarihin Fari da Ambaliya a Gulbin Zamfara

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa a bakin gulbin Zamfara cikin watan Maris, abin da za ka gani yashi ne da 'yan kududdufai. Ka dawo a watan Agusta, sai da kwalekwale. Wannan gulbi da ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi kusan duk ruwansa na damina ne, shi ya sa tarihinsa da na ruwan sama ba sa rabuwa.

An yi fari mai tsanani a 1913, ya haifar da yunwar da ake kira Kakalaba. Shekarun 1950 kuwa damina ta yi albarka, har aka ɗauka haka za a dawwama. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai ruwa ya fara ja da baya, aka sha farin 1972 zuwa 1973, sannan na 1983 zuwa 1984. Rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka mutu. A Anka da Bukkuyum abin ya fi ciwo, domin ƙarƙashin ƙasarsu dutse ne, ruwan da ke taruwa a tsagoginsa ba shi da yawa. Damina biyu in suka gaza, guga ya fara taɓo laka.

To, me ya jawo? A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya ce in kiwo ya cinye tsirrai ƙasa ta yi fayau, hadari ba ya haɗuwa. Aka daɗe ana ɗora wa manoma da makiyaya laifi. Amma a 1986 masu bincike a Ingila, ƙarƙashin Chris Folland, suka nuna cewa zafin ruwan teku ne babban direba. In arewacin tekun Atlantika ya yi sanyi fiye da kudancinsa, iskar da ke kawo mana damina ba ta hawowa arewa sosai. Binciken Alessandra Giannini na 2003 ya ƙarfafa wannan. Ka ga ke nan, manomin Gummi ya sha zargi kan abin da ya samo asali can tsakiyar teku.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, sai dai da sabon hali. Wani bincike na 2017 ya gano cewa manyan hadura masu zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun 1982. Irin wannan ruwa gudu yake yi zuwa gulbi, ya cika fadama, ya rushe gidajen ƙasa, kamar yadda mutanen Gummi suka gani a Agustan 2024.

Don haka in an zo gina rijiyar burtsatse ko gada a garinku, ka tambaya: da lissafin ruwan waɗanne shekaru aka auna ta? In na shekarun fari ne kaɗai, ambaliya za ta ci ta. In na shekarun albarka ne kaɗai, rani zai tona mata asiri.